Yadda na haɗa motar wankin gilashi bayan ruwa ya cinye mini gona

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan labari, nauyi ke hana ni. Abin da ya sa na daure yanzu shi ne, cikin wata guda samari uku suka tare ni a Birnin Kebbi, kowa da lokacinsa, suna son su haɗa mota irin tawa ta wankin gilashi da farantan sola. Tambayarsu ɗaya ce: tanki mai cin lita nawa ya kamata su saya? Babu ko ɗaya da ya tambaye ni yadda ake ɗaure tankin. Ni ma da wannan tambayar na fara, kuma wanda gangancina ya faɗa wa ba ni ba ne, ƙanena ne, a ƙafarsa ta dama.

An haife ni a wani ƙauye a bakin fadamar Argungu. Kabawa ne mu, kakanni masunta, iyaye manoman shinkafa. Ban kai shekara goma ba na iya tuƙa jirgi da gora, na iya wuni a gona ina korar tsuntsayen jan-baki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutum ne marar yawan magana, amma akwai abin da ba ya gajiya da faɗa mana duk sa'ad da ya ga muna wasa a bakin gulbi: ruwa ba shi da ƙarami. Na yi sakandare a Argungu, na fara difloma a Birnin Kebbi, kuɗi suka yanke na dawo gida.

Dawowata ta zo daidai da tashin shinkafa. A watan Nuwamba na 2015 shugaban ƙasa da kansa ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance, manyan injinan casa suka kama aiki a Birnin Kebbi da Argungu, sannan a Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, shanshera ta yi darajar da ba mu taɓa gani ba. Yaron da jiya ba shi da keke sai ka gan shi a kan sabon babur. Na yi noman rani sau uku na ci riba, na yi aure, na sayi injin ban-ruwa biyu. Sai ido ya rufe. A daminar 2020 na karɓi hayar gonaki na haɗa da tamu suka zama kadada shida, na ci bashin taki da iri da magani a wurin wani Alhaji dillalin shanshera, a kan in biya shi da buhuna bayan girbi. Baba ya ce mini, "Wanga abu ya yi yawa, rage." Na ce masa zamani ya sake.

Ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba ruwa ya zo. Duk wanda ke Kebbi a shekarar ya san abin da nake faɗa: daga Augie da Argungu har Birnin Kebbi, Bunza, Suru da Bagudo, fadama ta koma kogi. Shinkafata ta riga ta fitar da kai, saura 'yan makonni a sa lauje. Kwana uku bayan shigar ruwan na ari jirgi na tuƙa zuwa gonar. Ban gane wurin ba sai da wata giyayya da muke hutawa a ƙarƙashinta, rassanta kawai suka rage a sama. Na tsoma gora, ta shige har kusa da hannuna kafin ta taɓa ƙasa. Da na zaro ta, wata zangarniya ta maƙale a jikinta, ta yi baƙi, tana warin ruɓa. Na riƙe ta na zauna cikin jirgin nan, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Ban yi kuka ba a ranar. Kukan sai bayan wata biyu ya zo, ranar da muka rufe Baba.

Alhajin bai ci mutuncina ba, gaskiya ɗaya ce. Shi ma ruwan ya ci dukiyarsa a hannun mutane da yawa. Amma duk ranar kasuwa yaronsa zai zo ya yi sallama a ƙofar gida, ya zauna a kan dakali, ya gaishe ni, ya tafi. Wannan gaisuwar ta fi mini zagi ciwo. Na sayar da injin ɗaya da babur na kai masa, bashin ko rabi bai yi ba. Na daina zuwa majalisa. Sallah ma sai in tafi masallacin wata unguwa. A watan Janairun 2021, matata na da tsohon ciki, na tashi kafin asuba na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna na ce mata zan tafi nema. Ta ce, "Ina zuwa?" Na ce Abuja. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah shi tsare, kar ka ci na kowa."

A Dei-Dei na sauka, a shagon wani ɗan garinmu mai sayar da katako, ni da wasu mutum biyar muna kwana a kan tabarma. Na yi dako na wata biyu, sai aka haɗa ni da wani kamfanin share-share da ke neman masu ƙarfi waɗanda ba sa tsoron hawa sama. Ban gaya wa kowa a gida irin aikin ba. "Ina aiki a kamfani," abin da nake cewa ke nan. Ɗan manomi mai kadada shida ya koma goge wa mutane taga, bakina ba ya iya furta shi.

Wani dattijo ɗan kudu aka haɗa ni da shi, shi ya koya mini. Ranar farko na zuba omo cikin bokiti kamar mai wankin kaya, ya zubar da ruwan ya ce ɗigo biyu uku na sabulun ruwa sun isa. Ya nuna mini yadda ake jiƙa gilashi da soso mai sanda, sannan a ɗora robar jan ruwa a kusurwar sama, a ja ta ana lanƙwasa wuyan hannu ba tare da an ɗaga ta ba har ƙasa, a bi gefe da busasshen tsumma. In bakin robar ya sami tsagi ko da kamar ƙwayar gero ne, zai bar layi a kowane ja. Sati uku ina yi yana sake wankewa a bayana.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne aikin manyan benaye na Wuse da Maitama. Ba a hawa tsani. Doguwar sanda ce da ake zarewa gaɓa-gaɓa, da buroshi a kanta, siririn tiyo na bin cikinta yana kai ruwa. A goge, a ɗauraye, a tafi a bar gilashin a jiƙe, ya bushe fes babu ko tabo. Na tambayi dattijon wane magani ake sa wa ruwan. Ya ce ba sawa ake yi ba, cirewa ake yi. Ruwan rijiya da na burtsatse, komai haskensu a ido, suna ɗauke da gishirin ƙasa narkakke, in ruwan ya bushe gishirin ke zama farin tabo. Ya zaro wani ɗan ma'auni kamar alƙalami daga aljihu, ya tsoma a ruwan famfo lamba ta hau, ya tsoma a na tankin motar kamfani ta nuna kusan sifili. Ya ce in dai lambar ta yi ƙasa da 10 ba ka da matsala. Matatar da ke yin wannan aiki irin ta masu fiya wata ce, wadda ake tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata mai matsatsun ƙofofi. Daga ranar na fara leƙa cikin motar nan duk lokacin da aka buɗe ta, ina haddace inda komai yake. Abin da ban lura da shi ba, domin yana ƙarƙashin tanki ba a ganinsa, shi ne ƙarafan da suka riƙe tankin.

Kamfanin ya riƙe mana albashin wata uku, kullum gobe. Abin da ya cece ni ayyukan da nake samu na kaina ranar Asabar da Lahadi a shaguna da gidaje.

Da na zo Babbar Sallah a watan Yulin 2022, na biyo ta Birnin Kebbi da wani ido dabam. Sababbin filaza masu fuskar gilashi, bankuna, otal-otal, gidajen mai, manyan gidajen Gesse da GRA, ga farantan sola a kan kusan kowane rufi saboda halin wuta. Duk sun yi dusu-dusu. Mai wanke su maigadi ne da omo da tsohuwar riga, in ya gama sun fi da muni. A motar komawa ban yi barci ba, lissafi nake yi.

Na dawo gaba ɗaya a watan Disamba. Abin da na tara bai kai ba. Na sayar da injin ban-ruwan da ya rage, Inna ta sayar da santa guda da take kiwo, matata ta kwance 'yan kunnenta na aure ta ajiye mini a kan filo ba ta ce komai ba. A Jega na sami motar, ƙaramar Hijet ce da ta gaji da dakon burodi, an riga an cire mata kujerun baya. Irin motocin nan ne 'yan Japan masu silinda uku, injin a ƙarƙashin kujerar direba, waɗanda ake juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Naira dubu 850 na biya. Makanike ya sauke inji ya sake zobe, aka gyara birki, aka sa taya biyu. Na sayo sanda da buroshi da ma'aunin ruwa daga Abuja, matata kuwa, wato ta tace ruwa, na same ta a wurin wani da ya rufe gidan fiya watansa. Famfo irin ɗan ƙaramin nan ne mai aiki da batirin mota. Sai tanki. Na shiga kasuwa na zaɓi baƙin tankin roba dogo mai cin lita 500, irin na ɗorawa a kan gini, domin a ganina yawan ruwa shi ne yawan aiki.

Na kai motar wurin wani tsohon mai walda da aka yaba mini. Ya zagaya ta sau biyu, ya danna bayanta da hannu, ya dubi tankin.

"Yaro, wanga tanki ya fi ƙarfin motag ga."

Na ce, "Baba, ai ya shiga, har da sauran wuri."

Ya ce, "Shiga dabam, ɗauka dabam. Lita guda kilo guda ce. Ka cika shi, buhun shinkafa goma ke nan ka aza mata, ita ko bakwai aka yi ta ta ɗauka. Kuma buhu in ka aje shi nan yake zama. Ruwa tafiya yakai."

Gaskiyarsa, irin waɗannan motoci kilo 350 ne iyakar kayansu. Ya ce in canza tanki, ya yi masa keji na ƙarfe a ɗaure da noti har ƙarƙashin mota, ya kuma gitta shinge tsakanin kaya da mazaunin direba. Ya faɗi kuɗin ƙarfe da na aiki, ya ce tsaba yake so, domin watan Fabrairun 2023 ne, lokacin canjin kuɗi, mai sayar da ƙarfe ba ya karɓar tiransifa, masu POS kuma sai sun yanki kaso mai tsoka kafin su ba ka naira dubu biyar.

Nan ne wurin da nake so mai karatu ya tsaya. Shekara biyu ina gaya wa mutane cewa ƙarancin kuɗi ne ya hana ni yin kejin. Ba haka ba ne. Ina da abin da zai isa. Na ɗauke shi na kai wa mai fenti ya fesa wa motar shuɗi, aka rubuta suna da lambar waya da manyan baƙaƙe a gefe biyu, na ɗinka riguna masu tambari. So nake in shiga ƙauyenmu da ita ranar kasuwa, yaron Alhaji ya gani, 'yan majalisar da na guje wa su gani, a ce wane ya farfaɗo. Tankin kuwa na ɗaure shi da igiyar da muke ɗaure buhuna, na zarga ta a ƙugiyoyin jikin bodi. Tsohon ya ce, "Ni dai ban sa hannu ba." Na ji haushinsa har na daina bi ta layinsa.

Na ɗauko ƙanena ya riƙa taimaka mini. Shekararsa 19 a lokacin, ya gama sakandare, kullum da asuba yana gudu a bakin fadama domin burinsa shiga soja, yana jiran a buɗe ɗauka. Mun yi sati biyar muna aiki lafiya. Ina jin motar tana rangaji a kwana, ina jin wani abu na tura ni daga baya in na taka birki, na ce sabo ne zan yi.

Cikin azumi ne, farkon Afrilu. Mun gama wani gidan mai da sassafe, ruwan ya koma rabi, muka kama hanyar Kalgo za mu wanke farantan wata rijiyar sola. Tun da ban yi wa batir da naɗin tiyo mazauni ba, a kujerar gaba nake aza su, ƙanena kuma ya zauna a baya kan jarka, tsakanin tanki da bayan kujera. Ba gudu nake yi ba. Wani yaro ya biyo akuya ya faɗo titi, na take birki da duk ƙarfina. Motar ta tsaya, yaron ya tsallake. Sai na ji ruwan ya daki gaban tanki kamar an buga ganga, igiya ta tsinke, sannan wata ƙara da har yau ina jin ta cikin barci, kamar an karya busasshen kara. Bai yi ihu ba. Cewa ya yi, "Yaya, ƙafata," a hankali, kamar mai tambaya.

Da na buɗe ƙofar gefe, tankin ya danne masa ƙwauri a jikin ƙarfen kujera. Ni kaɗai na kasa motsa shi. Sai da na buɗe bakinsa ruwan ya riƙa kwarara a kan titi, mutane suka taru muka ja shi baya. Ƙafar ta lanƙwashe a inda ba gaɓa.

Inna ta ce a kai shi Aliero wurin masu ɗori, kuma kowa ya san sunan da garin ya yi a wannan fanni. Amma ƙashin ya huda fata, ƙasusuwan ƙwaurin biyu duk sun karye, likita ya ce in ba a wanke ciwon an sa ƙarfe ba ana iya rasa ƙafar. Na tsaya a kan asibiti, karo na farko da na yi jayayya da mahaifiyata. An yi aikin. Na ci sabon bashi a kan tsoho. Daren da aka fito da shi, Inna na zaune a kan tabarma a barandar asibiti da carbi, ta ce in zauna. Ta ce, "An ce mai walda ya hana ka." Na ce e. Ta ce, "To." Ba ta ƙara ko kalma ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba har yau. Sallar azumin shekarar a asibiti muka yi ta.

Motar ta yi wata uku a ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gidan da nake haya a Badariya. Ko kallonta ba na son yi. Ana cikin haka, ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar da muke saya wajen naira 200 ta haura 500. Na kira dillali ya zo ya yi mata kuɗi. Ƙanena yana kwance a zaure da sandunansa, ya ji cinikin. Da dillalin ya fita ya ce, "Yaya, soja dai ta wuce ni, na sani. In ka sayar da motar, a ina zan yi aiki?" Ban taɓa tunanin abin ta wannan fuskar ba. Ni ina neman in rabu da abin da ke tuna mini laifina, shi kuma yana lissafin abincinsa na gaba.

Na koma wurin tsohon mai walda da kaina a ƙasa. Ya ji labari tuni. Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya tambayi jikin yaron, ya ce, "Kawo ta gobe da sahe."

Sati uku muka yi, kuma a wannan karo komai da awo. Mun sami tankin roba mai faɗi, gajere, mai cin lita 250. Ba a yin na ƙarfe, domin tataccen ruwa yana cin ƙarfe, tsatsa kuma ta ɓata shi. Ya ce a kwantar da shi a tsakiyar mota, gaba kaɗan da tayoyin baya, don nauyin ya rabu, kar gaba ya yi sama sitiyari ya yi sako-sako. Ya yi masa keji da ƙarfe mai kusurwa, ya huda daɓen motar wuri takwas, amma kafin kowace huda sai ya shiga ƙarƙashi da tocila ya tabbatar ba ta kusa da tankin mai ko bututun birki. A ƙasan kowane noti ya sa farantin ƙarfe mai kauri kamar tafin hannu, ya ce daɓen motar gwangwani ne, in babu faranti notin zai yage shi ya fito. Sannan ya gitta shingen ƙarfe daga ƙasa har rufi a bayan kujeru.

Maganin tafiyar ruwa kuwa wani mai tankar ruwa ne ya ba mu. Muka sayi farin bututun roba mai inci huɗu, muka yanka guntu-guntu, muka huhhuda, muka wanke, muka cusa cikin tanki har ya cika. Wurin da suka ci kaɗan ne, amma ruwan ba ya samun filin da zai taru ya yi duka ɗaya. Ranar gwaji na cika shi rabi, domin rabin tanki ya fi cikakke haɗari, na taka birki a fili, na ji shiru a bayana. Na kifa kai a kan sitiyari na daɗe.

Sauran aikin ni da wani mai gyaran wayar mota muka yi. An shafe daɓe da fenti mai hana tsatsa aka shimfiɗa roba, domin duk yadda ka kiyaye sai ruwa ya zuba. Batir ya sami akwatinsa a sama, nesa da jiƙa, da fis da makunni, farantin sola ɗaya a kan rufi yana yi masa caji, tsani a ɗaure a gefensa. Naɗin tiyo yana bakin ƙofar baya, sanduna a cikin dogon bututu a jikin bango. Matatar ruwan na fitar da ita daga mota gaba ɗaya na kafa ta a gida cikin inuwa, saboda zafin Maris da Afrilu a nan, da ke wuce digiri 40, yana lalata fatar, kuma ba a so ta bushe. Da dare nake tacewa. Fiye da rabin ruwan da ya shiga matatar fita yake yi ta bututun zubarwa, shi uwargida ke tara wa wanki da ban-ruwan zogalenta. Da damina kuwa ruwan sama nake tara, bayan na farko ya wanke kwano, lambarsa a ma'auni ƙasa take ƙwarai, tacewa kaɗan yake so.

Lita 250 da na raina tana isata wuni, in an iya sarrafa famfo. Da ma aikin na safe ne. Rana na ɗagawa gilashi ya yi zafi, ruwa ya bushe kafin ka ɗauraye, farantin sola kuma ba a watsa masa ruwan sanyi yana tsakiyar zafi, yana iya tsagewa. Don haka daga sallar asuba muke fita, kafin sha ɗaya mun naɗe tiyo. Kafin in zare sanda sai na ɗaga kai na nemi wayar wuta, domin jiƙaƙƙiyar sanda mai tsawon bene biyu in ta taɓa waya babu sauran magana. Akwai gidajen da na ƙi aikinsu saboda haka, masu su suka ji haushi.

Abin da ban zata ba, sola ta fi taga kawo aiki. Mai shago zai iya haƙura da gilashi mai ƙura, amma wanda batirinsa ya daina cika, ko manomin da famfon rijiyarsa ya rage ƙarfi, shi zai neme ka da kansa. Lokacin hunturu ana shan rigima, ka wanke yau, jibi hazo ya mayar da shi yadda yake, mutum ya ce ba ka yi aiki ba. Na koyi in faɗi haka tun kafin in fara, in kuma nemi yarjejeniyar wata-wata maimakon wankin rana ɗaya. Tsadar mai ta koya mini haɗa ayyukan unguwa ɗaya a rana ɗaya, Jega da Argungu kuma sau ɗaya a sati biyu.

Na shiga ƙauyenmu da motar daga baya, fentin ya riga ya koɗe. Wasu na ce mini mai wankin windo, ina amsawa. Na tsaya a ƙofar Alhaji na kai masa abin da ya samu, ya buɗe littafinsa ya rage, ya ce, "Allah shi yi albarka, ɗana." Haka nake yi duk ƙarshen wata. Bashin asibiti na gama shi bara. Na shinkafa saura kamar kashi ɗaya cikin huɗu.

Ƙanena yana ɗingishi, in sanyi ya shigo ƙarfen na damunsa. Ba ya iya riƙe sanda ya daɗe a tsaye, don haka famfo da ma'aunin ruwa da littafin kuɗi suna hannunsa, kuma kashi ɗaya cikin uku na abin da motar ta samo nasa ne, na rubuta na sa shaidu. Na roƙe shi gafara sau ɗaya, a zauren nan, ya ce, "Yaya, bar zancen nan, ƙaddara ce." Na san ƙaddara ce, na kuma san abin da hannuna ya yi a ciki. Ranar da aka buɗe ɗaukar soja abokan gudunsa biyu suka tafi, ya raka su tasha, ya dawo ya shiga ɗaki bai ci abincin dare ba.

A kujerar gaba yake zama yanzu, babu mai zama a baya ko da tafiyar minti biyu ce. Kowace Asabar kafin mu fita nakan shimfiɗa buhu in shiga ƙarƙashin motar da sifana in bi notin nan takwas ɗaya bayan ɗaya, shi yana riƙe mini tocila. Jibi muna da farantai 24 a wata gonar albasa a Aliero, tun daren gobe zan fara tace ruwa.